Gyaɗar rani ta yi ganye, kwanso kuma fanko: zafi ne?

Mai garka, Miriya:
Assalamu alaikum. Gyaɗar rani ce, iri 55-437, an shuka ta tsakiyar Maris, ba ta rasa ruwa ba. Ta yi harawa sosai, ta yi fure, amma da aka cire 'ya'ya kaɗan ne, wasu ma fanko. Zafin bazara ne ko rashin taki?

Malamin gona, Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Zafi ne. Gyaɗa ta fi son digiri 25 zuwa 30. Wannan irin yana fara fure wajen wata ɗaya bayan shuka, ka ga furenka ya faɗa cikin Afrilu, lokacin da garin nan ke kai 40. In zafi ya haura 35, garin furen, wato ƙurar da ke cikinsa mai sa ya yi 'ya'ya, yana mutuwa. Za ka ga furen ya buɗe da asuba, rawaya shar, kafin azahar ya yanƙwane kamar kullum, amma tsinken da ke sauka daga gindinsa ya soki ƙasa ba zai fito ba. Wanda ya fito ma, in ya tarar da yashi mai ƙuna, bakinsa ke bushewa. Ganye ya fi fure jure zafi, shi ya sa gonar ta ruɗe ka. Shuka ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, furen ya riga bazara.

Ɗan Magarya:
Haka ne, sai dai kada a yi gaggawa a faɗa cikin ɗari. Ƙasa in ba ta kai digiri 18 zuwa 20 ba, irin da ke tsira cikin mako guda sai ya kusa mako biyu, wani ya ruɓe. A matse shuka, santimita 40 tsakanin layi, 15 tsakanin rami, ganye ya rufe ƙasa da wuri, don 'ya'yan a santimita 5 zuwa 10 na sama suke zama. Ban-ruwa da yamma ko da sassafe.

Malamin gona, Damagaram:
Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Kada a yanke ruwa a watan ƙarshe. Ƙasa mai zafi da fari a lokacin su ke jawo fumfunar da ke sa gubar afalatoksin, ko da ƙwayar ta yi kyau a ido. Fanko kuwa wani lokaci ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a yashi, a duba wannan ma.