Abin da aka tsayar kan tara tsabar kuɗin sarakunan Rum

1. A tattaunawar da aka yi kan tara tsabar, kusan kowa ya ce sabon shiga ya fara da tagullar zamanin Constantine: tana da araha, kuma haruffan ƙasan bayanta na nuna garin da aka buga ta.

2. A auna nauyi. Dinarin Augustus (tsabar azurfa) giram 3.8 ne ko kusa. Na jabu da aka zuba a mazubi yakan fito da layi a gefe da 'yan ramuka. A yi hattara musamman da tsabar Otho, wanda ya yi wata uku kacal a mulki a shekarar 69.

3. Koren gari mai fitowa a tagulla cuta ce; a ware tsabar, a nisanta ta da danshi.

4. An rabu kan wanki: wasu na jiƙawa a man zaitun, wasu sun ce yana baƙanta ta, tataccen ruwa ya isa. Gogewa kam, babu mai goyon baya.