Muhawara: 'Yan sa kai na waje za su iya gina sabuwar ƙasa?

Malam Sani: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, ma'aikata 'yan sa kai na waje da ake turawa sabuwar ƙasa dogaro kawai suke koya wa mutane. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yuli 2011, baƙi suka cika Juba, babban birninta, zuwa Disamba 2013 rikicin shugaban ƙasa Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar ya jefa ƙasar cikin yaƙi. To ina ginin?

Hajiya Binta: Haba Malam, laifin shugabanni kuma sai a ɗora wa akawu da malamin asibiti? Wanda ya zo koyar da tsara kasafin kuɗi ai ba shi ke riƙe da bindiga ba.

Auwalu: Wallahi kuwa Hajiya. Kuma Timor ta Gabas fa, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1999 kan ballewa daga Indonesiya 'yan bindiga masu goyon bayan Indonesiya suka ƙone garuruwa, ma'aikatan Indonesiya da ke riƙe da ofisoshi suka kwashe suka tafi, babu isassun alƙalai babu likitoci, in ba a kawo mutane daga waje ba wa zai buɗe makarantu, wa zai shirya zaɓe? Yau ga ta nan tana sauya gwamnati ta akwatin zaɓe.

Malam Sani: Auwalu ka bar rabin labarin. Har zuwa Mayu 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ce gwamnatin, wakilinta Sergio Vieira de Mello ke yanke hukunci, 'yan ƙasa suna ta ƙorafin an mai da su 'yan kallo. A 2006 kuma da aka kori sojoji kusan 600 sai da aka sake kiran dakarun Ostireliya.

Hajiya Binta: Wannan na yarda. Abin da ke ci min rai baƙo ya zo na shekara ɗaya, bai iya harshen mutane ba, ya yi aikin da kansa saboda sauri, ranar da ya tafi ofis ya mutu. Shi ya sa na fi son tsarin IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, inda Kenya da Yuganda da Habasha suka tura ma'aikatansu Sudan ta Kudu aka haɗa su da 'yan ƙasa suna aiki tebur ɗaya.

Malam Sani: Amma bai hana yaƙin ba Hajiya.

Hajiya Binta: Dama ba don hana yaƙi aka turo su ba Malam. Ka tambaye ni ko wanda aka koya wa aikin yana iya yin sa shi kaɗai yanzu, a nan za mu auna su.