Yana haɗa baƙi, amma bai san me ya karanta ba

Maman Yara: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 6 yana iya haɗa ba, bi, bu ya karanta jimla, amma in aka tambaye shi me ta ce, sai ya yi tsuru-tsuru. Ina mafita?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam, Hajiya. Haɗa sautin ne ke cinye hankalinsa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ki ba shi jimla uku kacal, ya karanta sau uku: na farko don haɗawa, na biyu don sauri, na uku ki tambaye shi wa, ina, me ya sa. Minti 15 kullum ya wadatar. Kada ki bar shi yana cankar kalma daga hoto.

Malama Mai Aji Ɗaya: Ki duba ƙugiya ma. In yana karanta baƙi a matsayin baki, ma'ana ta gudu. Kuma boko ba ya nuna tsawon wasali: "gari" na zama ne ko na tuwo? Jimlar ce za ta faɗa masa.

Malamin Firamare: Haka ne, Malama. Da dare kuma ki karanta masa tatsuniyar Gizo da bakinki, ki tsaya a tsakiya ya faɗi abin da zai biyo baya.