Neman shawara: hanjin ɓerayen da na kama lokacin sanyi ya fi na damina girma

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a fannin nazarin dabbobi, aikin kammala karatuna a kan ɓerayen daji ne masu cin ciyawa. Na feɗe waɗanda muka kama ciyawa tana ɗanya, na kuma feɗe na bayan ta bushe sanyi ya shigo. Jinsi ɗaya ne, nauyin jiki kusan ɗaya, amma a rukuni na biyu jakar nan da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba ta yi suntum, cike taf da niƙaƙƙiyar ciyawa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Cuta ce, ko ni na yi kuskure a awo? In sake aikin daga farko?

Wani malami: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, abin da ya kamata ki gani kika gani. Jakar nan ita masana ke kira sikam. Ɓera ba ya iya narkar da harzar ciyawa da kansa, bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da ke zaune cikin jakar ce ke ruɓar da ita, jikinsa ya tsotsi abin da ya fito. Busasshiyar ciyawa harza ta yi mata yawa, amfani kaɗan, ga sanyi yana cin ƙarfin ƙaramar dabba. Dole ya ƙara ci. In hanji bai faɗaɗa ba, abincin zai wuce tun bai narke ba. Tun 1985 masu bincike Gross da Wang da Wunder suka nuna haka a kan wani ɓeran ciyawa na Amurka: sanyi da abinci mai harza suka sa hanjinsa ya girma. Kuma ba ya ɗaukar lokaci, don shimfiɗar cikin hanji tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki.

Wata 'yar uwa: Malam ya yi gaskiya, amma ƙanwata, da abin cikinsa kika auna hanjin? In haka ne, abincin da ɓeran ya ci daren jiya kika auna. Ki tsaga, ki wanke, ki busar, sannan ki ɗora a sikeli. Ki kuma ware mata masu shayarwa, don hanjinsu yana girma ko wane lokaci ne, sai su ruɗa miki lissafi. Nan na taɓa tuntuɓe, sai da na maimaita rabin aikina.

Wani ɗan uwa: Har bakteriyar ma sauyawa take. A wasu dazuzzuka na Ingila, binciken da ya fito a 2015 ya ga ta canja a ɓerayen daji daidai lokacin da ake ganin sun bar cin ƙwari sun koma tsaba. Sai dai kar ki ɗauka kowa haka yake: kuregen Amurka mai dogon barcin hunturu, shi da ba ya ci, hanjinsa ƙanƙancewa yake.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, wallahi da abin cikinsa na auna, kuma huɗu daga ciki masu shayarwa ne. Sauran hanjin suna cikin firiza, gobe zan wanke in sake awo.

Wani malami: Madalla. Ki sa safar hannu da takunkumi, ɓerayen daji suna ɗauke da cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da Hantavirus.