Gayyar soɗi ko neman sani? Gardamar teloli kan nunin ɗinki

'Yar Mabera: Jama'a ku yi mani alƙalanci. Daren jiya anka yi nunin ɗinki a wani ɗakin taro nan Sakkwato. Na caɓa ado, na hau kabu-kabu tun daga Mabera, ina isa mai gadi ya ce kati. Na ce ni tela ce, ko a tsaye zan kalla. Ya ƙiya. Na raɓa bayan wasu hajiyoyi in shige, ya maido ni gaban mutane. Ni dai na ce abin da anka shirya don a nuna, ba a hana ido ganinai. Yaushe munka fara taro da kati?

Baba Tela: Sannu ɗiyata. Amma raɓawar nan da kinka yi, ita ake kira gayyar soɗi.

Ɗan Runjin Sambo: Haba Baba! Hawan Sallah wa ka ba mutane kati? Kowa na zuwa Kanwuri ya sha kallon rawuna da manyan riguna masu aska takwas. Akwai nunin tufafin da ya kai wannan?

Baba Tela: Wancan filin Allah ne, yaro. Wannan ko ɗaki ne da wani ya kama da kuɗinai, ya ƙirga kujeru, ya ƙirga abinci.

Malama Arkilla: Ni ba kujera ta dame ni ba. Yana cikin Buhari, wani sahabi ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, su biyar, sai wani mutum ya biyo su. Annabi ya gaya wa mai gida cewa wannan biyo mu ya yi, in ka so ka yi mashi izini, in ka so ya koma. Mai gida ya yi izini. To in wanda ya biyo Annabi sai da anka nema mashi izini, ina ga wadda ta biyo hajiyoyi?

'Yar Mabera: Malama kin kashe mani baki. Amma ai can abinci ne, ni ido kawai na kai.

Anti Gawon Nama: Ido da waya, ƙanwata, mu faɗi gaskiya. Na taɓa yin wata biyu kan yankan wata doguwar riga, kwana ukku da nuna ta na gan ta jikin wata, ɗinkin wani shago. Shi ya sa masu nunin ke tsoron tela fiye da kowa. Ko a Faris ta Faransa sai da gayyata ake shiga manyan nune-nunen, 'yan jarida da masu saro kaya ake kira. Na Legas da anka fara a 2011 ma ba faɗawa ake yi haka nan ba.

Ɗan Runjin Sambo: To Anti, ƙaramin tela ina zai koya? Dukawan Madunka da ido sunka gaji aikin fata, ba da kati ba.

Baba Tela: Da ido, amma a zaune gaban maigida, da saninai. Ɗiyata, in an sake yi, ki je tun da hantsi da allura da dutsen guga, ki ce kin zo taya aiki. Masu shiri kullum hannu suke nema.

'Yar Mabera: Na ji Baba. Kuɗin kabu-kabuna na jiya fa, wa zai biya?