An ce min akwamarin ne, mai saye ya ce topas ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin adashe da na kwasa da na rago biyu da na sayar na haɗa na sayi duwatsu masu daraja giram 38, guda tara, shuɗi-shuɗi garau kamar ruwa. Wanda ya sayar min abokin ƙanin matata ne, tare muke sallah, ya ce akwamarin ne daga wajen Nasarawa Eggon. Na kai Jos, mai saye ya jijjiga su a tafin hannu kawai ya ce topas ne, ya yi tayin da ban iya faɗa ba. Ya zan yi?

Wani mamba: Wa'alaikumus salam. Ka karta a jikin gilashi, in ya yi zane na gaske ne.

Mai yankan dutse: Wannan gwajin ba ya raba gardama. A ma'aunin taurin duwatsu, taurin gilashi 5.5 ne, akwamarin 7.5 zuwa 8, topas 8, har farin dutsen kwaz yana da 7. Dukansu za su karce shi. Nauyi ne ke raba su, shi ya sa mutumin ya jijjiga. Malam, nemi ƙaramin sikelin 'yan gwal mai auna har giram 0.01. Auna dutse ɗaya a bushe, ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare, ka nutsa shi duka, kada ya taɓa gindi ko gefe, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba lambar farko da ta biyu. Wajen 2.7 akwamarin ne, wajen 3.5 topas.

Dillali: Duk wannan lissafin makaranta ne. Masu saye haka suke, su kushe kaya su saya da arha, gobe ka gan shi a Bangkok. Mu dillalai ake zagi, su ne masu cin riba. Kai wa mutum uku daban, kada ka faɗi abin da na farko ya ce.

Mai yankan dutse: Mutum uku na iya haɗa baki, sikeli kuwa ba ya yi. Duba siffa ma: akwamarin da ba a yanka ba sanda ce mai gefe shida. Topas kuma yana tsagewa a kwance, wurin ya fito sumul kamar madubi. Kada ka buga don gwadawa, rabewa zai yi.

Mai tambaya: Na auna babban. 6.40 a bushe, 1.81 a ruwa. Amma zaren ɗinki na sa, wataƙila ya sha ruwa. Kuma wanda ya sayar min ba zai cuce ni ba.

Mai yankan dutse: Ya ba da 3.54. Zare ba zai ɗaga 2.7 ya kai nan ba. Wataƙila shi ma bai sani ba, ramukan yankin suna fitar da duka biyun. Auna sauran takwas ɗin ɗaya-ɗaya, ana samun gauraye.

Wani mamba: Ka jiƙa su a mai, launin zai fito.

Mai yankan dutse: Shi mai, tsaga yake ɓoyewa, ba ya ƙara launi, kuma mai saye na gani zai ƙara karya farashi.

Mai tambaya: To ni dai launinsu sak hoton akwamarin da na gani. Akwai mai lambar wani mai saye a Abuja?