Tarin 'yata ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti zan kai ta ko gida?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata mai shekara 4 yau sati uku tana tari. Da yamma jikinta ya yi ɗumi, da asuba in tarar filo ya jiƙe sharkaf da gumi. Siket ɗin da na ɗinka mata da Sallah yanzu sai na kama shi da fil. Ƙanin maigidana ya zauna da mu wata biyu, yanzu yana Funtua, an ce maganin tarin fuka yake sha. Surukata ta ce in sa yarinyar a motar Asabar a yi mata na gargajiya. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da asibiti. Me kuka gani?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12: Wa alaikumus salam. Sanyin damina ne kawai. Zuma, citta da lemon tsami, kwana uku an gama.

Ɗan Gwari: Alhaji, kai da ke kwana cikin attaruhu, ai ba ka san tarin lafiya da na ciwo ba 😂

Anti Nas, Idi-Araba: Maman Ilham, kada ki sa ta mota. Tari ya wuce sati biyu, ga zazzaɓi, ga rama, ga wanda ya kwana ɗakinku da cutar. Shafa wuyanta ki ji ko akwai kaluluwa wadda ba ta zafi. Yara ba su iya fitar da majina, shi ya sa ake iya gwada kashinsu da GeneXpert, injin da ke gano ƙwayar cutar tarin fuka. Gwajin da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sauran yaranki 'yan ƙasa da shekara 5 ma a duba su, akwai maganin kariya.

Baban Khalifa, Obalende: Ni na gani da idona. Yarona bai ma cika tari ba, wasa kawai ya daina. Yaron da ke bin ƙwallo har bakin titi ya koma kwanciya a tabarma yana kallon silin. Wata biyar ina zarya wurin wani mai kemis, yau maganin taifod, gobe na maleriya, kwalaben maganin tari har tara na ƙirga a bayan gado. Ranar da wuyansa ya sanƙare aka ce ciwon ya hau kai. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. A Agege muka binne shi. Mai kemis ɗin har ta'aziyya ya zo.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ne, Baban Khalifa.

Baban Khalifa: Amin. Kuma yana da tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a hannu, shi ya ruɗe ni.

Anti Nas: BCG tana rage mai tsanani ne, ba ta hanawa ɗari bisa ɗari. Allah ya ba ka haƙuri.

Mai Shayi Alaba Rago: Kyautar nan dai da ake faɗa! Ni hoton ƙirji kaɗai dubu 15 na biya.

Maman Biyu: Dubu 7 na biya bara. Magani kam ko sisi, wata shida cur ɗana ya sha. Fitsarinsa ya koma ja-ja kamar zoɓo na ruɗe, ashe aikin maganin ne.

Mai Shayi: Bara ai wata ƙasa ce, Hajiya.

Alhaji Mai Albasa: Kun sa mace ta saɓa wa surukarta. Iyayenmu da suka raine mu da saiwa, GeneXpert suka sani?

Anti Nas: Alhaji, da girmanka. Yara nawa iyayen namu suka binne?

Alhaji Mai Albasa: Ke ɗin ma nas ce ba likita ba.

Ɗan Gwari: Kai kuma likitan albasa.

Mai Shayi: Ku bar wannan. Mu bakwai a ɗaki ɗaya, taga ɗaya, ita ma mai gida ya toshe ta da bulo ya fitar da shago. Janareton maƙwabci a ƙofarmu yake kwana. Ina tari ba zai zaga ba?

Maman Biyu: Namu ejan ƙarin haya ya turo jiya, bandaki ɗaya ga ɗaki goma sha biyu.

Maman Ilham: Na gode duka. Anti, da safe ake kai kashin, ko ko yaushe? Surukata ta sake kira yanzu.

Mai Shayi: Maman Biyu, nawa ya ƙara muku?